Mu da Kukan Tuƙa-Tuƙa

Mu mutanen ƙasar Minjibir ba sai an aiko yaro ya gaya mana ko famfon unguwa yana da lafiya ba. Daga kan shimfiɗa muke sani. Tun kafin ladan ya yi kiran farko za ka jiyo shi, ƙiiƙi-ƙaaƙa, ƙiiƙi-ƙaaƙa, can sai ruwa ya doki gindin bokitin ƙarfe, ƙwarrr, sautin ya yi ta siririncewa har bokiti ya cika. Matar da ke cikin gida, wadda rabonta da bakin famfo tun tana budurwa, tana iya gaya maka wanda yake bugawa. In bugun ya zo a jere, dogo-dogo, ba garaje, ɗan garuwa ne, ya san aikin da ke gabansa. In ka ji gau-gau-gau ana dukan ƙarfe da ƙarfe, yara ne biyu ko uku suka rataye a hannun famfon suna lilo. In kuwa bugu uku aka yi aka tsaya, wani dattijo ne ya cika buta.

Zama wuri ɗaya ne ya koya mana wannan. Ƙasarmu cike take da jama'a. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Minjibir mutum sama da dubu 200, kuma kowa ya san an ƙaru ƙwarai tun daga lokacin. In ka bar cikin gari ka nufi Kunya, ko Kantama, ko Kwarkiya, ba za ka ga daji ba. Gona ce ta haɗu da gona, gida nan gida can a tsakiyar dawa da gero, ga ɗorawa ga tsamiya ga gawo an bar su tsaye. Kaka da kakanni ana noma ƙasar nan ba hutu, da takin gida da wanda jakuna ke kwasowa daga birni. Zama irin wannan, a warwatse amma kusa-kusa, shi ya sa jan bututun ruwa gida-gida yake da wuya a wurinmu, shi kuma ya sa kowace 'yar unguwa take son nata famfon a tsakiyarta, inda kowane gida zai jiyo motsinsa.

Kwanakin baya zancen ya taso a majalisar ƙofar gidan mai unguwa, bayan La'asar. Wani matashi da ke karatu a Kano ya dubi dattijon da yake mana gyaran famfo, wanda da gyaran keke ya fara kafin ya koma wannan sana'a, ya ce:

"Baba, ni fa a zatona akwatin ƙarfen nan na sama shi yake zuƙo ruwan."

"A'a, ɗana. Na sama ba abin da yake zuƙowa. Aikin duk a ƙasa ake yinsa, inda ido ba ya kaiwa. Ka taɓa ganin an kafa injin 'yan lambu a kan burtsatsen tudu ya kawo ruwa?"

Baba ya yi gaskiya. Duk famfon da ke zaune a sama yana zuƙa, ba ya iya ɗago ruwan da ya wuce zurfin mita 7 ko 8, komai ƙarfin injinsa, domin nauyin iskar sarari ne yake danna ruwan yana turo shi cikin mesa, kuma iyakar ƙarfinta ke nan. Shi ya sa masu lambu a gefen dam ɗin Wasai suke jin daɗin injin fetur, su ruwansu a kusa yake. Mu na tudu sai an wuce rairayi, an wuce marmara, an shiga ruɓaɓɓen dutse da tsagogin da ke ƙarƙashinsa, sannan a tarar da ruwan da za a dogara da shi. Don haka ainihin famfon can ƙasa ake saukar da shi, a nutsar da shi cikin ruwan.

Baba ya ce wa yaron ya ɗauke shi tamkar guga ne da ba ya fitowa daga rijiya, sai dai ya yi ta miƙo ruwa yana nan inda yake. A can ƙasa akwai silinda, wani gajeren bututu mai santsin ciki. A cikinta akwai fistin mai robobi biyu da suke manne da bangonta, da ƙofofi biyu da makanikai ke ce wa bawul, ɗaya a gindin silinda, ɗaya a jikin fistin, kowanne sama kawai yake buɗewa. Daga fistin ɗin rodi ne ya taso, an haɗa shi guntu-guntu, kowane guntu mita 3, ya biyo ta cikin bututun da ruwa ke hawa har zuwa kan famfo, inda aka ɗaure shi da wata gajeriyar sarƙa mai kauri. In ka danna hannun famfo ƙasa, sarƙa ta ja rodi sama, fistin ya ɗago ruwan da ke kansa, bawul ɗin gindi kuma ya buɗe, sabon ruwa ya shigo ya cike gurbi. In ka ɗaga hannun, nauyin rodin ne da kansa yake mayar da fistin ƙasa. Nan bawul ɗin gindi ya rufe ruf, na jikin fistin ya buɗe, ruwa ya haye samansa yana jiran ɗagowa ta gaba. Bututun kuwa a cike yake tun daga ƙasa har sama, saboda haka abin da ka ɗago a ƙasa, daidai shi ne yake zubowa a baki.

Bugu ɗaya bai kai rabin lita ba. Irin famfon da muka fi sabawa da shi, India Mark II, in yana da lafiya bugu 40 yana ba da wajen lita 15. Ke nan jarka mai lita 25 tana cin bugu kusan 70, ɗan garuwa mai jarka 12 a kura kuwa sai ya danna ƙarfen nan wajen sau 800 kafin ya turo kurarsa cikin gari. Da aka yi wannan lissafi a majalisa, wani tela ya girgiza kai ya ce shi daga yau ya daina yi wa ɗan garuwa tayin wulaƙanci.

Dattawan da ke zaune a wurin sun riski zamanin da babu ko ɗaya. Rijiyar hannu ce, da gungumen itace a bakinta wanda igiya ta yi wa zane-zane masu zurfi, da wasakin fata kafin a koma gugan robar taya, da ƙugiya a rataye a zaure don ranar da guga ya tsinke. Da bazara a shiga yasa, a fito da laka, a ƙara gaba ɗaya ko biyu. Waɗanda tasu ta ƙafe su koma kududdufi, daga kududdufi kuma kurkunu ya kwantar da magidanci ana tsakiyar noma. Binciken da aka yi a 1988 ya sami mutum sama da dubu 650 masu kurkunu a Najeriya, kuma sai a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an rabu da shi, bayan dogon aikin da cibiyar Jimmy Carter da Janar Yakubu Gowon suka sa hannu a ciki. Tace ruwa ya taimaka, amma rufaffiyar rijiya mai famfo a kai tana cikin abubuwan da suka raba ƙauyuka da shan ruwan da ƙafa ta taka.

Famfunan sun fara yawaita ne a shekarun 1980, lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 1981 zuwa 1990 don ruwan sha da tsafta. Hukumar KNARDA, da tallafin Bankin Duniya, ta haƙa burtsatse masu yawa a ƙauyukan tsohuwar Jihar Kano, har da yankin da ya zama Jigawa a 1991. Hukumar DFRRI ta zamanin Babangida ta biyo baya daga 1986, yau kuma hukumar RUWASA ce, da ƙananan hukumomi, da 'yan majalisa, da masu neman sadaka mai gudana. Shi India Mark II a Indiya aka ƙera shi a shekarun 1970, da hannun UNICEF a ciki, kuma an yi shi ne don ya jure hannun gari guda, ba na gida ɗaya ba. Akwai kuma Afridev, wanda aka fara a Malawi aka ƙarasa a Kenya, mai bututun roba. Shi ana iya zaro rodinsa da fistin ɗinsa ba tare da an ciro bututu ba, mutum biyu sun isa. Wanda ya taɓa zuwa wajen 'yan'uwa a Maraɗi ko Damagaram ya ga wani iri dabam, Vergnet na Faransa, wanda da ƙafa ake taka shi, babu sarƙa babu rodi, ruwa ne ke tura ruwa.

Amma mu koma kan kukan, don nan gwanintarmu take. Liman ne ya tambaya:

"Malam, to wannan ƙiiƙi-ƙaaƙan da muke tashi da shi kullum, ba haka aka yo shi ba?"

"Allah gafarta Malam, ba haka aka yo shi ba. Mu ne muka saba. Sabo ba ya wannan kuka."

Famfo mai lafiya, in ji Baba, ƙararsa kaɗan ce, ɗan kacau-kacau na sarƙa, sai shaaa na ruwa. Wancan kukan sarƙa ce ta bushe tana neman giris, musamman da hunturu, in ƙura ta shige akwatin ta haɗu da tsohon mai ta dinga cin ƙarfe. In hannun ya fara rangaji hagu da dama yana ƙwaras-ƙwaras, boris ne ya mutu, kuma in aka ƙyale shi zai cinye bakin akwatin ya karkatar da rodi, rodi kuma ya yi ta gogar bututu daga ciki. In da asuba sai an yi bugu 20 ko 30 a banza kafin ruwa ya iso, alhali da rana nan take yake zuwa, to cikin dare ruwan bututu ya zurare ya koma ƙasa: ko bawul ɗin gindi ba ya rufewa, ko wata mahaɗa tana yoyo, ko tsatsa ta huda wani wuri. In ruwan yana zuwa tsul-tsul, kana ta bugu jarka ta ƙi cika, robobin fistin ne suka cinye. Akwai kuma wanda mata suka fi saurin ganewa, shi ba a kunne yake ba. Bokitin farko na safe ya fito ja, da warin tsatsa, ya ɓata farin kaya, ya sa shayi ya yi baƙi. Wannan bututun ƙarfen ne ruwa yake ci.

Sai na bazara, wajen Afrilu da Mayu, lokacin da famfo zai dinga tari, fuu-fuu, yana tofo iska gauraye da ruwa. Nan ƙarfe ba shi da laifi, ruwan ne ya ja baya ya sauka ƙasa da bakin silinda. Lokacin ne mai unguwa kan sa a kulle hannun da kwaɗo daga hantsi zuwa Azahar don ruwa ya taru, kowa kuma ya yi haƙuri da jarka bibbiyu.

Mafi muninsu shi ne wani ƙwas da ake ji sau ɗaya, hannun ya faɗi ƙasa sakayau, ba nauyi ko kaɗan. Rodi ya kwance ko ya tsinke. Wanda abin ya faru a hannunsa, yawanci yaro ne, sai ya bar bokiti ya ruga gida yana kuka, shi za a ce ya lalata famfo, alhali wata da watanni ke nan unguwa duka tana jin abin da ke tafe.

To a nan ne halinmu yake yi mini ciwo. Muna ji, mun kuma gane, amma ba ma motsawa. Mutumin da in babur ɗinsa ya canza kuka da safe, kafin Azahar yana gaban makanike, shi ne zai wuce famfo yana ƙara kullum ya ce, "Ai na gwamnati ne." Wani ya ce, "Ai wane ne ya haƙa, shi zai gyara." Wanda ya haƙa ya yi nasa, ya kafa allo ya tafi, mu ne za mu sha. Gwangwanin giris da robobi biyu da muka ƙi saya su ne suke zama rodi da bututu da kuɗin motar makanike. Ba mu kaɗai ba ne da wannan ciwo. Binciken da aka sha yi a ƙasashen Afirka kudu da Sahara ya nuna cewa a kowane lokaci tsakanin ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin uku na irin waɗannan famfuna ba sa aiki, kuma da yawansu ruwan yana nan a ƙasa. Rijiya ta bayar, guga ya hana. In famfo ya tsaya kuma yara ne ke biyan bashin, su ne za su yi nisa da jarka a ka maimakon zuwa makaranta, su kuma ɗebo duk ruwan da suka samu. Dam ɗin Wasai, wanda aka tare kogin Jakara aka yi a 1976, yana riƙe da masu lambu da masunta, amma kowa ya san abin da Jakara ke kwasowa daga cikin birni da wajen masana'antun Bompai. Ba ruwan zubawa a randa ba ne.

Ranar ciro famfo kuwa ranar gayya ce, kuma in ta zo ba ma ƙyashin ƙarfinmu. Baba ba ya iyawa shi kaɗai. Sai an kwance sarƙa, an cire hannu, an ɗauke kan, sannan a fara ɗago bututu. Rijiyar da aka sa wa silinda a mita 30, bututu 10 ke nan, kowanne da rodinsa a ciki, ga ruwa cike, nauyin ya haura kilo 100. Majiya ƙarfi huɗu su kama su ɗaga, a maƙale da mariƙi, a kwance bututu ɗaya, a kwance rodinsa, a jera su a kan itace don kada su taɓa ƙasa. A lokacin ba mai wasa. "Ku riƙe! Kai, ɗan nan, kada ka saki sai na ce!" Domin in ya kuɓuce ya zurma, ana iya asarar rijiyar ɗungurungum, sai dai in an yi sa'a an kamo shi da ƙugiya. In silinda ta fito sai a kwance ta a kan tabarma, kowa ya leƙo. Ga robar da ta jawo wannan wahala, faɗinta bai wuce yatsu huɗu ba, gefenta ya cinye ya yi laushi. Wani lokacin ma 'yar tsakuwa ce ta tokare bawul. In babu kayan a hannu, sai an tura mutum Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, da tsohuwar robar a aljihu don a gwada, bututun kuma su kwana a waje da mai gadi. In an mayar, a yi ta bugu har ruwa ya washe kafin a bar kowa ya ɗiba.

Matashin nan ya sake cewa, "Baba, ai zamanin tuƙa-tuƙa ya wuce, sola ta zo." Ni ma ina son sola. Tanki a sama, bakunan famfo a jere, yarinya ta murɗa ta tara, wa zai ƙi? Tun da aka cire tallafin mai a 2023 burtsatse masu janareta suka yi tsadar tafiyarwa, sola ce ta rufa wa wurare da dama asiri. Sai dai ba kowace rijiya ce a ƙasar dutse irin tamu take da ruwan da zai ishi injin da ake nutsarwa, wanda muke ce wa sumo, ba. Wadda za ta yini tana ba tuƙa-tuƙa abin da ya nema, sumo yana iya zuƙe ta ƙaf. Sannan shi ba ma jin motsinsa, yana can ƙasa, ranar da ya ƙone sai dai a ga tanki ba komai, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin karo-karon unguwa. A ranar za ka ga jarkoki sun dawo sun yi layi a bakin tsohon famfo. Shi ya sa duk inda aka zo sa sola nake roƙon a bar na hannun da ransa a kusa.

Abin da ke ba ni ƙarfin gwiwa shi ne, a bakin famfo muna da tsarin da ba wanda ya rubuta mana. Jarka ce ke riƙe layi. Ka ajiye taka ka tafi aike, ka dawo ka tarar an matso da ita. Mai buta ba ya bin layi. Matafiyi in ya tsaya da ƙishirwa, wanda ke kan bugu zai janye bokitinsa ya buga masa, shi kuma ya tara hannu ya sha. Gidan da aka yi haihuwa, masu ɗibar ruwan wankan jego su ne a gaba, gidan rasuwa kuwa ba sa ma zuwa, kai musu ake yi. Ba a hawa daɓen da takalmi, ba a wanki a kansa, Fulani in sun zo da shanu can ƙarshen kwata ake tara musu. Duk wannan muna yinsa ba ɗan sanda ba tara. Asusun giris ne kaɗai muka kasa.

Ana cikin wannan zance a majalisa sai ga wata gwaggonmu ta dawo daga unguwa. Ta manyanta, tana iya tsayawa a gefen majalisar maza ta faɗi tata. Ta saurara kaɗan, sannan ta ce:

"Malamai, sannunku da hutawa. Ku kuna lissafin ƙarfe, mu muke kwana da randa ba ruwa. Ku ba mu asusun mu riƙe mana. Adashi nawa muke yi a unguwar nan, wa kuka ji an ce kuɗinta ya ɓata?"

Mai unguwa ya dubi Liman, Liman ya gyaɗa kai. Ya ce, "Gwaggo, magana ta ƙare. Ke za ki riƙe."

"Ranka ya daɗe, to a ba ni yaro mai rubutu, don kada gobe wani ya ce ya bayar bai bayar ba."

Aka nuna matashin nan mai karatu a Kano. Abin da aka tsayar shi ne kowane gida kwanon hatsi ɗaya da kaka, 'yan garuwa da masu buga bulo kuwa, da yake nema suke yi da ruwan, su dinga sa wani abu duk mako. Ranar Juma'a da safe a buɗe murfin akwati, a goge sarƙa, a shafa giris, a ɗaure notuna. Baba ya ɗauki samari biyu zai koya musu, ya kuma ce a dinga ƙirga bugun da ke cika jarka, ranar da ya haura 90 a kira shi ko da ruwa yana zuwa. Robobi da boris a saya a ajiye wurin Gwaggo tun ba a buƙace su ba.

Abin da ya rage shi ne sauya bututun, saboda jan ruwan nan na safe. Wasu suka ce na roba, wasu suka ce na ƙarfen da ba ya tsatsa, Baba ya ce kowanne da nasa sharaɗi kuma sai ya auna zurfin rijiyar tukuna. Kuɗin da nauyi, aka yi ta ja-in-ja har aka kira Magariba ba a daidaita ba. An bar maganar sai an sayar da gyaɗa da wake.